Nauyin Bijimi a Tagar Karsana

Duk shekara ana turo mini 'yan koyon aiki nan shagona na Dutsin-Ma, kuma duk shekara da fuska iri ɗaya kuke shigowa, fuskar wanda ya gama karatun tun a cikin mota. Nakan ba ku kujera in ce ku haɗa mini manhajar da za ta zauna a kwamfutar tebur. Kafin shayina ya huce kun jawo taga, kun dasa mata maɓalli biyu, kun shafa mata shuɗin launi, kun juyo kuna kallona ko zan tafa muku. Madalla, ta yi kyau. Amma taga ɗaya ai kowa ma ya iya. Aikinmu yana farawa ne ranar da mutum ya buɗe ta biyu bai rufe ta farko ba. A kan wannan ne wani dattijo a Kurfi, Malam Iro, ya kusa rasa kujerarsa da sunansa gaba ɗaya, har aka riƙa cewa shi ya kashe karsanar jikar Arɗo. Zan ba ku labarinsa, amma ku yi haƙuri in fara nuna muku yadda abin yake tafiya daga ciki, in ba haka ba za ku ce tsufa ne ya sa ni surutu.

Sunana Mannir, kuma a wurin Injiniya Sada na koyi sana'ar nan, a wani ɗaki bayan tasha, lokacin da allon kwamfuta ke da ƙeya kamar tukunyar tuwo. Kayan aikinmu ba su da yawa: kwamfuta biyu, ɗaya ba ta tashi sai an dafa mata gefe, janareta mai fushi, da wani ƙaton littafin Turanci da bangonsa ya cire. Aikin farko da Injiniya ya damƙa mini na wani Alhaji ne mai shagon iri da maganin feshi. Ƙorafinsa ɗaya ne. In ya rufe 'yar tagar da ke nuna masa sauran kaya, sai manhajar duka ta tattara ta tafi, har da abin da yake tsakiyar rubutawa. Na zauna ina zare ido a kan rubutun manhajar ban ga komai ba. Injiniya ya bar ni na sha wuya son ransa, sannan ya jawo kujera kusa da ni.

“Mannir, mi kake tsammani ke faruwa in ka danna linzamin kwamfuta?”

Na ce, “Maɓallin ne ke aiki, Oga.”

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce maɓalli ba ya jin komai, zane ne kawai a kan allo. Duk dannawar da ka yi, duk harafin da ka buga, kai ko motsa linzamin da ka yi, saƙo ne. Kuma ko taga nawa ka buɗe, saƙonnin nan layi ɗaya suke bi. A cikin manhaja akwai wani ɗan wuri da ba shi da aiki sai zagaye: ya ɗauko saƙo, ya duba na wace taga ce, ya miƙa mata, ya koma ya ɗauko na gaba, kamar direban tasha da ake cika wa mota da saƙon mutane. A manhajar Alhajin nan, mai rabon yana jin an ce a rufe, sai ya rufe kowa da kowa, bai tsaya ya duba wace taga ce ta faɗa ba. Gyaran bai kai layi uku ba. Abin da Injiniya ya ƙara mini a ranar shi ne abin da nake so ku riƙe. Saƙon linzami yana zuwa da sunan tagar da aka danna. Amma harafin da ka buga ba shi da suna, duk tagar da take gaba ita ke karɓa. Haka ma saƙon na'urar da aka jona da waya daga waje, tsirara yake zuwa, kai ne za ka san inda za ka kai shi.

Masu sayen aikinmu kuwa su suka ƙarasa mini karatun. Ku in kuna gwada manhaja dannawa ɗaya kuke yi, a hankali, kamar masu taɓa jariri. Akwai wani hedimasta da na yi wa aiki, shi in bai ga taga ta fito nan take ba sai ya yi ta danna linzami ba ƙaƙƙautawa, in ta tashi fitowa sai ta fito da 'yan'uwanta rututu, duk kamarsu ɗaya. Ya yi rubutu a wannan, ya adana waccan, sannan ya kira ni ya ce kwamfuta ta cinye masa aiki. A kansa na koyi cewa kafin ka buɗe taga sai ka duba ko tana nan, in tana nan ka jawo ta gaba kawai. Wata Hajiya mai kemis kuma ita rufewa ce gwanintarta. Takan aika a buga takarda, kafin injin ya amsa ta rufe tagar, amsa ta dawo ta tarar babu kowa a gida, manhaja ta faɗi ƙasa warwas. Babu littafin da ya gaya mini akwai irin Hajiyar nan a duniya.

Sai wata shekara ta zo da ba na so ku ga irinta. Waya ta shiga hannun kowa, duk wanda ya leƙo shago sai ya ce shi a waya yake son abinsa. Hanyoyin ƙauye kuma suka yi wuya, mutane suka rage fita, kasuwanni suka rame. Injiniya ya tattara ya koma Kaduna, ya bar mini makullin ɗaki da tsofaffin abokan cinikinsa. Da rani na ari fili a bakin dam ɗin Zobe na shuka tumatir da albasa. Ku yi dariyarku, ba komai: mai haɗa manhaja guda yana kokawa da tiyo da injin ban ruwa, tumatir ɗin ma bai ji tausayina ba. Ina cikin laka har ƙwauri ranar da Dakta Bishir ya kira ni.

Dakta Bishir likitan dabbobi ne mai zaman kansa a Kurfi, asibitinsa ba nisa da kara, inda ake cinikin shanu. Injiniya ne ya haɗa masa manhajarsa tun da daɗewa. Tsarin wurin haka yake. A gaba akwai ofis da kwamfuta, a nan Malam Iro yake zama. Bayan bango akwai fili da sikeli, wani faffaɗan ƙarfe da ake hawar da dabba, an zuro wayarsa ta bango zuwa kwamfuta. Can ciki kuma akwai ɗakin da ake auna magani. Duk dabbar da aka kawo, Malam Iro zai buɗe mata tagarta, ya rubuta sunan mai ita. In aka hawar da ita, masu riƙo su yi kira daga bayan bango su ce an hau, shi kuma ya danna maɓallin da aka rubuta wa “Auna”. Sikeli ba ya turo nauyi sai dabba ta tsaya cak. In nauyin ya shigo, manhaja ta lissafa yawan magani, a buga 'yar takarda a manna a kwalba. Makiyaya sun fi son su tafi da kwalbarsu ruga su yi allurar da kansu in rana ta yi sanyi. Dalilin wannan awo duka shi ne maganin sammore, ciwon nan da ke rame shanu. Magani ne mai kyau, amma ba ya yafe wa wanda ya wuce ƙima.

Malam Iro tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Da yatsu biyu yake rubutu a kwamfuta, amma daga Wurma har Tamawa babu makiyayin da bai san sunan ubansa ba, yana kuma ɗan taɓa Fillanci. Rabin masu zuwa asibitin nan don shi suke zuwa. In ya fara gaishe ka, ka nemi wurin zama. Zai tambaye ka gida, da iyali, da gajiya, da shanu, da ƙafar da ka ce tana maka ciwo bara, sai ya kai ga kaji yake numfasawa.

Abin da ya faru shi ne, wata ranar kasuwa Arɗo Giɗe, babban makiyayan yankin, ya kawo wata 'yar karsana. Ba tasa ba ce, ta jikarsa ce, tun ranar sunanta aka ba ta uwar karsanar. Aka auna, aka ba shi magani, ya tafi ya yi mata allura, kafin gari ya waye ta kwanta ba ta tashi ba. Dakta ya duba kwalba ya ga maganin ƙaton bijimi ne. Ya duba kwamfuta ya ga nauyin da ke tagar karsanar ya ninka nata. Kuma babu mai zama a kujerar nan sai Malam Iro. Magana ta bazu a kara. Masu sauƙin baki suka ce idon tsoho ya tafi. Wasu kuwa suka tono wata tsohuwar rigimar gona tsakanin ƙauyensu Malam Iro da makiyaya, suka ce da gangan ya yi. A shekarar nan irin wannan magana ba abin wasa ba ce.

Dakta bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce, “Mannir, ka duba mani abin nan. In manhaja ce ka gyara. In ba ita ba ce, Malam Iro zai huta bayan kasuwa mai zuwa. Raina ba ya so, amma makiyaya sun ce ba su kawo dabba shina zaune nan.”

Ranar da na fara zuwa ba ranar kasuwa ba ce, asibiti shiru. Na gwada sikeli da buhun dusa, na gwada da akuyar maƙwabta, na hau da kaina, har Dakta sai da na hawar. Kowane nauyi ya faɗa inda ya kamata. Na buɗe tagogi da yawa na jera su, na auna ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure ko na ƙwayar gero. Malam Iro yana zaune a benci a waje da carbinsa, don an ce kada ya taɓa kwamfuta. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na jira ya gama tambayata mutanen Dutsin-Ma kaf, sannan na sako maganar.

“Baba, ko ranar ka rubuta nauyin da hannu?”

“Ɗana, ni ban taɓa rubuta nauyi ba. Danna mashi nike, shi zo da kanshi.”

“To mi ya faru ranar da bai saba faruwa ba?”

Ya yi tunani da gaske. Ya ce, “Wallahi ba komi. Kasuwa ce kamar kowace kasuwa.”

Na tausaya masa ƙwarai, don ni kaina a lokacin na fara zargin idon nasa. Amma maganarsa ta tsaya mini a rai. In abin ya faru a kasuwa kamar kowace kasuwa, to ni ban gwada komai ba, tunda ni kaɗai na yi gwajina da buhun dusa, shi kuwa buhu ba ya harbi. Na roƙi Dakta ya bar Malam Iro ya zauna a kujerarsa ranar kasuwa, ni kuma in zauna a gefensa, kada kwalba ta fita sai na duba. Da ƙyar ya yarda.

Ranar kasuwa mutane ba su zo da yawa ba, waɗanda suka zo ma yawanci 'yan gari ne masu tumaki da awaki. Har hantsi ya ɗaga ban ga abin zargi ba. Can aka hawar da wani ƙaton rago na wani saurayi, aka yi kira daga bayan bango, Malam Iro ya danna “Auna”. Muna jin ragon yana ta dukan ƙarfe da ƙafa, bai tsaya ba. Ana haka sai ga sallama a bakin ƙofa, wata tsohuwar Hajiya ce, an riƙo mata akuya a waje. Malam Iro ya yi zumbur ya ɗaga daga kujera, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan kuwa tuni ya buɗe sabuwar taga yana rubuta sunanta. Ba ya ma kallon allon. A wurinsa, babba ya shigo ka bar shi a tsaye ba ka ɗauki sunansa ba, tamkar ka ce masa bi layi ke nan, shi kuwa bakinsa bai iya faɗin haka ba, hannunsa ma bai iya ba.

“Hajiya, barka da zuwa. Ina gajiya? Ina su Alhaji? Yaron nan da ya tahi Katsina karatu, ana jin lahiyarshi?”

Tana cikin amsawa ragon ya gaji ya tsaya. Da idona na ga nauyinsa ya faɗo cikin tagar akuyar Hajiya, don ita ce a gaba.

Na ƙyale shi, ina so in ga ƙarshen abin. Malam Iro ya gama gaisuwa, ya zaunar da ita, ya koma tagar ragon ya ga wayam. Ya yi tsaki ya ce sikelin nan ya tsufa, ya sake dannawa, nauyi ya zo, aka sallami saurayi. Aka hawar da akuya, aka yi kira daga bayan bango. Ya jawo tagar Hajiya yana amsa mata wata tambaya a kan farashin dusa, ya ga lamba zaune a gidanta. Wa zai tuna ko ya danna ko bai danna ba a cikin wannan hayaniya? Akuyar ma bai gan ta ba, bango ya tsare. Ya ɗaga murya ya ce, “Ya shiga, ku sauke ta!” Ya kai hannu zai buga takardar kwalba, na riƙe masa hannu.

Ga abin da ke ciki. Saƙon sikeli irin mara sunan nan ne. Injiniya ya rubuta cewa in ya iso a ba tagar da take gaba, kuma haka kowa yake rubutawa, da ni ne ma haka zan yi. Ai wanda ya danna “Auna” yana nan yana jira, ina za shi? A ɗakin bayan tasha inda aka gwada manhajar babu mai sallama. A Kurfi kuwa, tsakanin dannawa da tsayuwar dabba, akwai filin da dattijo zai shigo a gaishe shi.

Da na nuna wa Dakta, sai da ya zauna a kan buhun dusa ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya kawo shawarar da na san ku ma ita za ku kawo. Ya ce, “To ka kulle mana. Taga ɗaya, dabba ɗaya. In an buɗe wannan, kada wata ta buɗu sai an gama. Kowa shi bi layi kamar banki.” Ana iya yin haka, akwai irin tagar da in ta fito take danne sauran, ba ka taɓa komai sai ka sallame ta. Kuna son ta ƙwarai, na sani, don layi ɗaya ce a rubutu kuma tana hana ku tunani.

Malam Iro ya ɗago kai. “Dakta, wanda ya girme ni shi shigo, in ce mashi tsaya, rago bai natsu ba? Gara ka sallame ni tun yau.”

Na ce wa Dakta kulle ba zai canza mutumin ba. In ka hana shi buɗe ta biyu, rufe ta farkon zai yi don ya karɓi baƙonsa, nauyi ya iso ya tarar babu kowa, mu koma gidan jiya ta wata ƙofar. Mutum ba shi ne ya lalace ba, balle a ɗaure masa hannu. Saƙo ne ke yawo ba suna.

Gyaran ya ɗauke ni 'yan kwanaki, ina yi ina komawa ban ruwa. Na sa duk tagar da ta danna “Auna” ta bar sunanta a wurin mai rabon saƙo. In nauyi ya iso, ita za a kai wa, ko tana gaba, ko an binne ta a ƙarƙashin tagogi goma. In an rufe ta kafin ya iso, a zubar da shi, a kuma faɗa a fili cewa an zubar. Tunda sikeli ɗaya ne, muddin wata taga tana jira, maɓallin awo na sauran ya dushe, amma a iya buɗe su a rubuta suna a yi duk abin da ake so. Tagar da ke jira kuma na sa goshinta ya zama rawaya, don a hango ta ko daga bakin ƙofa. Na gwada da ragon da ya fi kowane rashin kunya a unguwar, ina buɗe tagogi ina rufewa kamar hedimasta da Hajiyar kemis sun haɗu a jikina. Bai kuskure ba.

Sai dai gyaran manhaja ba ya wanke suna a kara. Dakta ya aika wa Arɗo Giɗe, ya zo da mutanensa, dogon tsoho mai ƙarancin magana. Bai kalli Malam Iro ba da ya shigo. Dama na ajiye tsohuwar manhajar don wannan rana. Aka hawar da bijimi, Malam Iro ya danna, na fita na dawo da sallama kamar baƙo, ya buɗe mini taga, nauyin bijimi ya faɗo a kan sunana. Mutanen Arɗo suka yi 'yar dariya, ganin ni da ko tunkiya ban kai ba an ba ni nauyin bijimi. Shi Arɗo bai yi dariya ba. Ya ce a sake. Aka sake. Na yi masa bayani da Hausar da ba ta da kwamfuta a ciki: na'urar ba ta san dabba ba, duk wanda aka juya aka fuskanta shi take ba nauyin.

Ya jingina haɓa a kan sandarsa, ya daɗe yana kallon allon. Sannan a karon farko ya juya wajen Malam Iro.

“To ranar, wa ya shigo ana gaisuwa bijimi na bisa ƙarfe?”

Malam Iro ya sunkuyar da kai.

“Malam, da kai nike.”

“Ranka shi daɗe, kasuwa ce. Mutane da yawa, ba ni iya tunawa.”

“Ni na tuna,” in ji Arɗo. “Bijimin wani mutumin Wurma na ta harbi. Na yi sallama, ka tashi, ka tambaye ni ciwon bayana. Ni ne.”

Ni dai wannan ban hango shi ba. Na zo in nuna laifin saƙo ne, ban lissafa cewa tagar da ta karɓi nauyin tana da mai ita ba, ga shi kuwa zaune a gabana. Arɗo ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya fita ba sallama, mutanensa suka bi shi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Dakta ya ce to, sai mu ga abin da kasuwa za ta nuna, in makiyaya sun dawo shi ke nan, in ba su dawo ba shi ma ba shi da yadda zai yi. Da muka rage mu biyu, Malam Iro ya dube ni da jajayen idanu.

“Da ka bar abin nan a kaina, ɗana. Ni na iya ɗauka. Shi ɗiyar ɗanshi zai riƙa kallo kullum.”

Na kashe kwamfuta, na tattara kayana.

Ranar kasuwa na bar tumatir da ƙishirwa na zo Kurfi da sassafe. Malam Iro yana kujerarsa, ya sa farar riga, ya goge tebur fes kamar mai shirin miƙa wa wani. 'Yan gari suka zo da tumakinsu suka tafi. Daga ruga ko mutum ɗaya. Rana ta take, aka hawar da saniyar wani mahauci, tana ta dukan ƙarfe, sai na ji ƙugin shanu daga bakin hanya. Na leƙa. Arɗo Giɗe ne a gaba, bayansa makiyaya da shanunsu har kwanar kara. Amma bai shigo ba. Ya tsaya a tsakiyar rana nesa da ƙofa, ya gitta sandarsa ya tare mutanensa, bakinsa a rufe, ko sallama bai yi ba.

Na fita da sauri na durƙusa. “Ranka shi daɗe, an gyara. Ka shigo inuwa, ba abin da zai faru.”

Ya amsa mini a hankali, kamar mai tsoron na'urar ta ji shi. “A'a, yaro. Bari saniyar nan ta sauka daga ƙarfe tukuna. Gaisuwata ta ci saniya ɗaya, ya isa.”

Na waiwaya. Malam Iro yana hango shi ta ƙofa. Ga kujerarsa ta dawo masa, ga sunansa tsaye a bakin hanya da ƙaho da kofato, amma ko ranar da aka zaunar da shi a benci ban ga fuskarsa haka ba. Ya dubi tagar mahaucin mai rawayan goshi. Ya buɗe sabuwa a kanta, ya rubuta sunan Arɗo da yatsunsa biyu. Sannan ya tashi ya bar kwamfutar, saniya na ta harbi a bayan bango, ya fito cikin rana ba takalmi, ya kama hannun Arɗo da hannu biyu.

“Ranka shi daɗe, barka da zuwa. Ina kwana? Ina gajiya? Ina mutanen ruga? Ya bayan naka? Ina 'yar jikalle, ta daina kuka?”

Arɗo ya dubi bango, ya dubi Malam Iro. Dukan ƙarfe ya tsaya, wani ya yi kira daga ciki, babu wanda ya juya a cikinsu. Sannan Arɗo ya sauke sandarsa ƙasa.

“Lahiya lau, Malam,” in ji shi. “Ina naka iyalin?”